Tambayoyi da amsoshi kan tara kuɗin Hajji da Umara: daga ina zan fara, a ina zan ajiye?

Waɗannan tambayoyin su ne ake ta maimaitawa duk lokacin da aka sanar da kuɗin kujera, a majalisa da cikin gida da wajen aiki, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Wanda Allah Ya buɗa masa, wanda zai iya zaro kuɗin lokaci guda, ba da shi nake ba. Da ma'aikaci nake, da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari, da uwar gida mai sana'a a cikin gida, waɗanda sai sun yi shekaru suna tsimi kafin su kai.

Nawa ne ma kuɗin kujerar yanzu? Kullum sai a ji wani sabon farashi

Ai dole ki ji sabon farashi, don kusan duk abin da ake biya a tafiyar nan da dala ko riyal ake lissafa shi, kuɗin jirgi, masauki a Makka da Madina, tantin Mina da Arfa, motoci, abinci, guzuri. Mu kuma naira muke samu. A 2023 kujera ta tsaya wajen naira miliyan 2.9. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, to a 2024 sai aka fara sanar da wajen miliyan 4.9, mutane suka yi ta faɗi-tashi suka biya, kwatsam a watan Maris aka ce kowa ya ciko kusan miliyan 1.9 kuma cikin 'yan kwanaki. A 2025 ta haura miliyan 8. Wato cikin shekara biyu kuɗin ya kusa ninkawa uku.

Don haka in za ki fara tari, kada ki ɗauki farashin bana ki ce shi ke nan abin da nake nema. Ki tambayi hukumar alhazai ta jiharku farashin da ake ciki, ki ɗora wani abu a kai saboda halin naira, in ta yi daraja kuɗin ya sauko to alhamdu lillahi rarar ta zama guzuri.

To bayan kuɗin kujera akwai wani abu kuma?

Akwai fa, kuma nan ne mutane suke tuntuɓe. Mutum zai biya kujera ya yi ajiyar zuciya ya ɗauka ya gama, sai ƙananan abubuwa su taso masa ɗaya bayan ɗaya. Fasfo kaɗai a watan Satumba na 2025 an mayar da mai shafi 32 naira 100,000, mai shafi 64 kuma 200,000, kuma in naka saura ƙasa da wata shida ya ƙare sai ka sabunta. Ga alluran riga-kafi da gwajin lafiya, ga harami da takalmin da zai jure tafiya, ga maganin da kake sha kullum in kana da hawan jini ko sikari wanda dole ka sayi na sama da wata guda, ga kuɗin mota zuwa bita da zuwa sansanin alhazai, wani lokacin a kwana biyu ana jiran jirgi kana cin abinci daga aljihunka.

Sai hadaya. Yawancin alhazanmu tamattu'i suke yi, wato a fara yin Umara sannan a yi Hajji a tafiya ɗaya, wanda ke wajabta yanka dabba, kuma kuɗin dabbar ya haura riyal 700 a shekarun nan. Ka tambaya tun da wuri ko tana cikin kuɗin da ka biya ko daga guzurinka za ta fita, don wannan tambayar ɗaya tana canja lissafi gaba ɗaya.

Amma babban abin da ake mantawa shi ne gida. Za ka yi sati huɗu zuwa biyar ba ka nan, shagonka a rufe ko a hannun yaro, iyali kuma ba za su daina ci ba. Buhun abinci, kuɗin cefane, kuɗin makaranta in zango ya zagayo, wani abu na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya, kuma ka tuna babbar sallah za ta same su ba ka nan. Wannan ba ƙari ba ne, cikin sharaɗin iko yake, malamai sun faɗa cewa sai mutum yana da guzurin zuwa da dawowa da kuma abin da zai bar wa waɗanda ciyar da su yake wuyansa. Ni a ganina wanda ya tafi ya bar matarsa tana bin maƙwabta rancen kwanon masara bai gama shiri ba, ko da bizarsa ta fito.

Albashina bai taka kara ya karya ba, anya kuwa zan iya?

Bari mu yi lissafin a fili, don ba na son a yaudari kowa. Ɗauki miliyan 8 da rabi. In shekara uku kake so ka tara, kusan 236,000 ke nan duk wata. In shekara biyar ce, kusan 142,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa 70,000 ne, wato mai wannan albashin ko bai ci ko sisi ba sai ya yi shekara goma. To ka ga ga mafi yawan ma'aikata albashi kaɗai ba zai kai su ba, sai an haɗa da wata hanya, noma ko kiwo ko ɗinki ko wata 'yar buga-buga, a ce ribar wannan ɗin kacokan ta Makka ce ba a taɓa ta.

Kuma ka sa a ranka, aya ta 97 a suratu Ali Imrana ta ɗora wajabcin ne a kan wanda ya samu iko. In ba ka samu ba babu laifi a kanka ko kaɗan. Ka yi niyya, ka fara da abin da ya samu. Mai ajiye 5,000 kullum a shekara yana da 1,825,000, mai ajiye 1,000 yana da 365,000, da yayyafi kogi kan cika.

Ta yaya zan san abin da zan iya cirewa duk wata ba tare da na takura gidana ba?

Samu littafi, irin na 'yan makaranta ma ya isa. Wata ɗaya cur ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, har kuɗin kati da data da mai da shayin safe da gudunmawar biki. Ba sai na gaya maka me za ka rage ba, littafin da kansa zai nuna maka. Bayan nan ranar da kuɗi ya shigo ranar za ka cire na tafiya, kafin komai, don in ka ce sai ƙarshen wata ka ga abin da ya rage to babu abin da zai rage.

Mata kuma ga anko. Wallahi in aka haɗa abin da wasu ke kashewa a anko da ɗinki da gudunmawa a shekara guda, abin zai ba da mamaki. Ba cewa na yi a yanke zumunci ba, a je biki da kayan da ake da su.

Adashi fa? Ni da shi na saba

Adashi yana da kyau wajen abu ɗaya, yana tilasta ki zubi ko kina so ko ba kya so, don kunyar uwar adashi ba za ta bari ki tsallake ba. Matsalarsa biyu ce. Ta farko amana, kowa ya san labarin adashin da ya watse, wani ya kwasa ya daina zubi ko uwar adashin ta yi ɓatan dabo, kuma babu takarda babu shaida. Ta biyu, in kwasarki ce ta ƙarshe a adashin shekara biyu, kuɗin da za ki karɓa adadinsa ɗaya da na wadda ta fara kwasa amma abin da zai saya ba ɗaya ba ne.

Shawarata a yi gajere, wata shida zuwa goma, da mutanen da kika san gidajensu, a rubuta sunaye da ranar kwasar kowa a sa hannu a gaban shaidu. Ranar da kika kwasa kuma kada kuɗin ya kwana a ɗaki, ya wuce kai tsaye inda aka tanada masa, don kuɗin adashi in ya kwana a gida sai ka ga buƙatun da ba a san da su ba sun yi sallama.

Na ji ana maganar asusun adashin gata na alhazai, mene ne shi?

Tsari ne da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar a Kano a watan Oktoba na 2020 tare da bankin Jaiz, daga baya aka shigo da wasu bankunan da ba sa harkar ruwa. Kana buɗe asusu da sunan aikin Hajji, kana zubawa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinka, bankin yana juya kuɗin ta hanyar halal ana raba riba, in ya cika sai ka shiga layin masu tafiya. Ba sabon abu ba ne a duniya, Malesiya tun 1963 take da irinsa, Tabung Haji, kuma da shi talakawansu suke zuwa Makka.

Amfaninsa a wajena shi ne kuɗin ya bar hannunka, ba ya cikin asusun da kake latsawa a waya ka tura wa mai nama. Amma ka sani naira ce a ciki, in dala ta yi tsalle ribar da za a ba ka ba lallai ta kamo ta ba. Kafin ka sa hannu ka yi tambaya dalla-dalla: in na fasa ya zan karɓi kuɗina, kwana nawa zai ɗauka, akwai abin da za a cire, in na rasu wa za a ba? A rubuta maka amsar.

In sayi dala ko riyal in ɓoye ba zai fi ba?

Tunanin yana da ma'ana, tunda riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, shekara da shekaru ba ta motsa ba. Wanda ya riƙe dala tun farkon 2023 ƙarin 2024 bai girgiza shi kamar wanda ya riƙe naira ba. Sai dai abin yana da fuska biyu, akwai waɗanda suka saya lokacin da ta kai ƙololuwa don tsoro, ta sauko suka yi asara. Don haka kada ka juye duka a rana ɗaya, in za ka saya ka riƙa saye kaɗan-kaɗan, wajen ɗan canjin da aka sani mai ofis, a Wapa ta Kano ne ko Zone 4 ta Abuja ko inda kake, ka duba takardun da kyau saboda jabu. Kuma ajiye ta a banki ya fi ajiye ta ƙarƙashin katifa.

'Yan uwanmu na Nijar su wannan ciwon kan bai kai namu ba, don sefa a ɗaure take da yuro. Nasu aikin ya fi karkata ga tarawa da kuma tabbatar da cewa kamfanin da za su ba kuɗi hukumar alhazansu, COHO, ta san da shi.

Ni a ƙauye nake, mu dabba da hatsi muka sani

Kuma hanya ce mai kyau, da ita iyaye da kakanni suka je. A sayi ɗan rago ko ɗan maraƙi bayan sallah lokacin da kasuwa ta faɗi, a yi kiwo a sayar gab da layya. Amma a yi lissafin dusa da harawa da ƙaiƙayi da magani, don wani in ya cire abin da dabbar ta ci sai ya ga kuɗinsa kawai ya dawo. Ga ciwo, ga ɓarayin shanu a wasu yankunan. Hatsi ma haka, an saba a saya da kaka a sayar da bazara, to a 2025 farashi ya karye, masu ajiyar masara da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Kada a zuba duka a abu ɗaya.

Gwal fa, ga mu mata?

Gwal yana riƙe daraja, wannan gaskiya ne. Amma in don ajiya za ki saya ki nemi mara ado sosai, saboda kuɗin ƙira da duwatsun da ke jiki ba a biyan ki su ranar sayarwa, nauyi kawai za a auna. Ki karɓi rasit, kuma ba kowa za ki gaya wa kina da shi ba.

Wani ya ce in kawo kuɗin ya juya min, duk wata zai ba ni kashi 30

Kada ki ba shi. Ko ɗan uwanki ne, ko da carbi a hannunsa, ko ya nuna miki hoton waɗanda aka biya. Babu halastacciyar kasuwar da ke ba da wannan ribar duk wata ba faɗuwa, kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi har ranar da za a rufe ƙofa. An gani a MMM a ƙarshen 2016, an sake gani a CBEX a watan Afrilu na 2025, mutane suna kuka a bakin ofis. Kuɗin da kika yi shekara huɗu kina tarawa don ɗakin Allah ba na gwaji ba ne.

To in bar shi a gida a asusu?

Na 'yan canji ƙanana babu laifi, in ya taru a kai banki. Amma miliyoyi a ɗaki, ga gobara ga ɓarawo ga gara, kuma kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. A banki ko ba komai akwai inshorar hukumar kare kuɗin masu ajiya, NDIC, wadda a 2024 aka ɗaga ta zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna.

Zan iya cin bashi in cika?

Hajjin wanda ya ci bashi ya inganta, amma shari'a ba ta ɗora maka cin bashin ba, bashi mai ruwa kuwa babu maganarsa ma. Inda zan iya fahimta shi ne mutum ya tara kusan duka, saura kaɗan wa'adi zai cika, kuma yana da tabbacin inda zai biya, misali amfanin gona na hanya. Amma a sayar da gonar da ake ci da ita, ko a karya jarin shago gaba ɗaya, a dawo ana Alhaji ana neman na cefane, wannan ban goyi baya ba sam. In kuma akwai tsohon bashin mutane a kanka wanda lokacinsa ya yi, shi ne a gaba, ko dai ka biya ko ka nemi yardar mai shi.

Akwai zakka a kuɗin da nake tarawa?

Eh, sunan Hajji ba ya ɗauke zakka. In abin da ka mallaka ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo yana hannunka, za ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Nisabin yana bin farashin zinare ne, hukumomin zakka suna fitar da shi lokaci-lokaci, sai ka duba ka kuma zauna da malamin da ka yarda da shi.

Guzurin da ake bayarwa yana isa?

A 2024 da 2025 dala 500 aka ba kowane alhaji, wato riyal 1,875. In hadaya daga ciki za ta fita, abin da zai rage bai fi riyal 1,100 da 'yan kai ba, kuma da shi za ka yi sama da wata. Yana isa ga mai lissafi, tunda ana ba da abinci kuma masauki an riga an biya. Wanda ba ya isa shi ne wanda ya sauka Madina ya ga kasuwa idonsa ya rufe, kwana biyar ya cinye rabi a jallabiya da agogo, a Makka kuma bayan Arfa lokacin da jiki ya mutu ana jiran jirgi, ga mura ga tari, ba shi da na sayen lemo ko na tasi zuwa Harami.

Raba shi uku tun a gida. Na hadaya daban a ambulan ɗinsa, na kashewa kullum daban, na tsaraba daban kuma kada a buɗe shi sai an sauko daga Mina. A sa a jakar ɗamara, kada a ba kowa a hanya wai zai canjo maka da araha, ana yi wa tsofaffinmu wannan damfarar sosai, a karɓi dala 100 a miƙo musu takardar dala 1 tunda sun yi kama da juna. In kana da tsoho mai tafiya ka zaunar da shi ka nuna masa bambancin kafin ya tashi.

Tsaraba ita ce ke ba ni tsoro, dangi da yawa

Rubuta sunaye kafin ka tafi ka yanke adadin da ba za ka wuce ba. Carbi, darduma, hula, turare, kwalli, zobba, yawancinsu ba a Saudiyya ake yin su ba, kuma akwai su a kasuwannin Kano irin su Kwari da Kurmi da Sabon Gari, sau da yawa ma da sauƙi in ka haɗa da kuɗin awon kaya da za a caje ka in jakarka ta wuce kilo. Saya a nan ka ajiye kafin ka tafi. Daga can dabino da bagaruwa da zamzam ɗin lita 5 da ake bayarwa sun wadatar, wanda ya zo maka sannu da zuwa don Allah addu'a ya zo nema.

Wani ejan ya ce zai kai ni da rabin kuɗi, da bizar ziyara, in laɓe har lokacin Hajji

Wannan arahar tana kashe mutane, ba wai misali nake ba. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu a tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu marasa izinin Hajji ne, babu tanti babu motar da za ta ɗauke su, suna tafiya a ƙasa cikin rana. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000, a koro shi kuma a hana shi shiga ƙasar shekara 10. In ta jirgin yawo za ka bi, ka tabbata kamfanin yana cikin jerin waɗanda NAHCON ta ba lasisin wannan shekarar, ka biya ta asusun kamfani ba na mutum ba, ka riƙe rasit.

In fara zuwa Umara tunda ta fi sauƙi, ko in daure sai Hajji?

In ba ka taɓa sauke farali ba kuma kana ganin nan da 'yan shekaru za ka iya cikawa, ni dai in daure nake cewa, don Umara za ta cinye babban kaso na tarin ka dawo farko. Amma dattijon da ƙarfinsa ke raguwa kuma lissafi ya nuna kujera ta yi masa nisa, in ya samu na Umara ya je ya ga Ka'aba, wa zai hana shi? Sai dai a guji goman ƙarshe na azumi in aljihu ba nauyi, lokacin ne jirgi da masauki suka fi tsada a duk shekara. Watannin da ke bayan Hajji in an buɗe Umara sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na tara, sai rashin lafiya ta taso a gida. In taɓa kuɗin?

Taɓa, kada ma ka yi dogon tunani. Lafiyar mahaifiyarka ko matarka ko ɗanka tana gaba, kuma ladan niyyarka yana nan. Abin da zai rage faruwar haka shi ne tun farko ka yi asusu biyu, babba na tafiya da ƙarami na ko-ta-kwana, duk wata in ka zuba 50,000 a wancan ka jefa ko 10,000 ne a wannan. Kuma ka sanar da mutum ɗaya amintacce, matarka ko babban ɗanka, inda kuɗin yake da lambar asusun da sunan uwar adashin in akwai, a rubuce, saboda in ta Allah ta kasance magada su san inda za su nema, ko a yi maka Hajjin da shi ko a raba shi yadda shari'a ta ce.